Turancin da Ba Ya Bukatar Tambaya

Akwai wata cuta da kan kama ɗan makaranta sa'ad da ya fara jin zaƙin Turanci a bakinsa. Da ya kai aji na sama, ya sami ƙamus nasa na kansa, sai ya shiga farautar dogayen kalmomi kamar yaro mai kamun fara. In ya sayi littafi ba ya rubuta "buy", sai "purchase". In zai fara aiki ba ya cewa "begin", sai "commence". Gidansu kuwa, wanda ya tashi a ciki tun yana rarrafe, ya daina zama "house", ya koma "residence". Malami ya karɓi takarda ya bi ta da jan alƙalami, yaro ya koma gefe yana gunaguni, wai malam ba ya son ci gabansa.

To, kada ku zaci ku kaɗai wannan cuta ta ke kamawa. Turawan Ingila, waɗanda suka sha harshen a nono, su ma tana damunsu, har manyansu. Ran 9 ga watan Agusta na 1940, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, Winston Churchill, Firayim Ministan Ingila na lokacin, ya aika wa 'yan majalisarsa da ma'aikatansu wata gajeriyar takarda, yana neman su rage tsawon rahotannin da su ke rubutowa, su bar kewaye-kewaye, domin ɓata lokaci su ke yi. Mutumin da jiragen abokan gaba ke shawagi bisa ƙasarsa, in har ya sami sukunin yin kuka da wannan, kun san abin ya kai intaha. Da yaƙi ya ƙare sai waɗansu mutum biyu suka zauna, kowa ya rubuta nasa magani. Su ne mu ke so mu auna muku yau, mu gaya muku wanda ya fi amfani gare ku, da inda kowannensu ya gaza.

Na fari shi ne George Orwell. Wannan ba sunansa na yanka ba ne, sunansa Eric Blair. An haife shi a Indiya cikin 1903, ya yi karatu a makarantar Eton, ya yi aikin ɗan sanda a ƙasar Barma daga 1922 zuwa 1927, sa'an nan ya ajiye aikin ya koma rubuce-rubuce. Waɗansunku sun san shi ta wajen littafinsa "Animal Farm" na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya juya da Hausa, aka buga cikin 1975 da sunan "Gandun Dabbobi". Amma abin da mu ke dubawa yau maƙala ce ta 'yan shafuka, "Politics and the English Language", watau Siyasa da Harshen Turanci, wadda ta fito a wata mujallar Landan mai suna "Horizon" cikin watan Afrilu na 1946. Ba a cika shekara huɗu ba bayan wannan tarin fuka ya yi ajalinsa, cikin Janairu na 1950.

Ga yadda ya yi. Ya tsinto guntayen rubutu biyar, biyu daga ciki na manyan malaman jami'a ne, Harold Laski da Lancelot Hogben, ya shimfiɗa su a fili kamar yadda mahauci ke baje nama bisa tebur, ya nuna aibi biyu da suka tara: kwatance da ya tsufa har ya daina kwatanta kome, da rashin faɗin abu daidai. Ya kuma ɗauko wata aya daga Littafin Mai-Wa'azi, wadda ke maganar tsere da yaƙi da abinci, abubuwan da ido ke gani, ya mai da ita irin Turancin ofis. Sai ga tsere ya ɓace, yaƙi ya ɓace, abinci ya ɓace, ba abin da ya saura sai hayaƙi. Wannan wasa nasa ya fi wa'azin shafi goma tasiri, kuma duk wanda ya karanta shi sau ɗaya ba ya mantawa.

Amma zuciyar maƙalar tana wajen siyasa. Orwell ya ce mai mulki ba da kuskure ya kan dunƙule magana ba, da gangan ya ke yi, don abin da ya aikata ba ya faɗuwa da sunansa. A jefa wa ƙauye bom daga sama, a kori mutanensa, a kashe dabbobinsu, sa'an nan a rubuta cikin rahoto "pacification", watau kwantar da tarzoma. Mai karatu ya wuce bai ga gawa ko ɗaya ba. Mutumin da ya taɓa sa kayan sarki a ƙasar da ba tasa ba, ya san yadda a ke rubuta irin wannan rahoto, shi ya sa maganarsa a nan ta ke da nauyi. A ganinmu wannan sashe shi ne mafi kyau cikin maƙalar duka, kuma bai tsufa ba. A ƙarshe ya ba da ƙa'idodi shida: a guji kwatancen da aka saba gani a buge, a ɗauki gajeriyar kalma a bar doguwa in gajeriyar za ta isa, a cire kalmar da za ta ciru, a ambaci mai aiki maimakon a ɓoye shi, a bar baƙuwar kalma in akwai ta yau da kullum, sa'an nan a karya kowace ƙa'ida daga cikin waɗannan da a rubuta abin da ba ya jiyuwa.

Na biyu shi ne Sir Ernest Gowers, wanda ya rayu daga 1880 zuwa 1966. Shi ba marubucin ƙagaggun labarai ba ne, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya taɓa shugabancin hukumar tara haraji ta Ingila, kuma a lokacin yaƙi yana cikin masu kula da tsaron mutanen Landan. Baitulmalin Ingila ne ya roƙe shi ya rubuta wa ma'aikata ɗan littafi da zai gyara wasiƙun da su ke aika wa talakawa. Littafin ya fito cikin 1948 da sunan "Plain Words", aka yi masa ƙane cikin 1951, aka haɗa su biyu cikin 1954 suka zama "The Complete Plain Words". Abin mamaki, littafin da aka yi don akawuna sai ga mutanen gari suna rububinsa. Har cikin 2014 wata tattaɓa-kunnensa, Rebecca Gowers, ta sake gyara shi aka buga.

Su biyun sun yi ittifaƙi a kan cewa rubutu mai hazo daga tunani mai hazo ya ke fitowa, mu ma mun yarda. Inda mu ke rabuwa da Orwell shi ne wajen ƙa'idodin nan nasa, musamman ta gajeriyar kalma. Don adalci, shi da kansa ya faɗa a cikin maƙalar cewa ba kullum ne tsohuwar kalmar Ingila ta fi ta Latin ba, ma'ana ce ya kamata ta zaɓi kalma. Amma ba wannan mutane suka riƙe ba. Ƙa'idodin su a ke kwafewa a allo, su ɗalibi ke haddacewa, har ya ɗauka da ya gajarta kalmominsa ya gama. Alhali kuwa gajarta daban, bayyana daban. Bari mu ba ku labarin da zai nuna muku wannan.

Ran 25 ga watan Oktoba na 1854, a yaƙin Kirimiya, sojan Ingila da na Rasha suka yi karo a wani wuri da a ke kira Balakalaba. Babban kwamandan Ingila, Lord Raglan, yana bisa tudu, yana hangen fagen fama duka. Daga can ya ga Rashawa suna shirin janye waɗansu igwogi da suka ƙwace a kan wani tsauni da ke gefe. Sai ya sa aka rubuta umurni da fensir, cewa mahaya su yi gaba da sauri su hana abokan gaba tafiya da igwogin. Ya ba wani hafsa, Kyaftin Nolan, ya sauka da takardar a sukwane. Wanda aka kai wa, Lord Lucan, yana can ƙasa cikin kwari, tudu ya tsare masa gani, ba ya hangen igwogin da Raglan ke nufi. Takarda ta ce "the guns", ba ta ce waɗanne ba. Ta ce a yi gaba, ba ta ce gaba ta ina ba. Lucan ya tambayi Nolan, Nolan da fushi ya wurga hannu wajen kwarin. Igwogin da ke ƙarshen wannan kwari kuwa na Rashawa ne, a jere, bakinsu na kallon mai zuwa, ga waɗansu a dama, ga waɗansu a hagu. Lord Cardigan ya ja mahaya wajen 670 suka shiga, tafiyar fiye da mil guda cikin ruwan wuta. Nolan, wanda shi ne ya san abin da a ke nufi, yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Mutum fiye da 100 suka mutu, waɗanda suka yi rauni sun fi haka, dawakin da aka rasa sun haura 300. Tennyson ya yi musu waƙa cikin shekarar, har yau ana karanta ta a makarantu, amma waƙa ba ta ta da matacce.

Yanzu ku ɗauki wannan umurni ku auna shi da ma'aunin gajeriyar kalma. Ba "purchase" a ciki, ba "commence". Kalmar "guns" gaɓa ɗaya ce, yaron aji ɗaya ya san ta. Ba wanda ya yi niyyar ɓoye kome. Laifin guda ne: mai rubutu yana bisa tudu, ya manta mai karatu yana cikin kwari. Da ya ƙara kalma biyar ko shida ya faɗi wane tsauni, da takardar ta ƙara tsawo, da mutane sun kwana gida.

Nan ne Gowers ya fi. Shi daga mai karatu ya ke farawa. Abin da ya ke ta nanatawa ga ma'aikaci shi ne ya san abin da ya ke so ya faɗa tukuna, sa'an nan ya sa kansa a matsayin wanda zai buɗe wasiƙar, mutumin da bai san dokokin ofis ba, ba shi kuma da wanda zai tambaya. Ya san aikin, domin ya shekara da shekaru yana ganin irin wasiƙun. Har ma ya keɓe wa masu tsara doka wuri ya kāre su, ya ce tsawon maganarsu da maimaicinsu ba duka ne banza ba, domin aikinsu shi ne su toshe duk wata kafa da ma'ana ta biyu za ta shigo, ko da karatun zai yi nauyi. Wannan adalci ne wanda ba mu samu sosai a wurin Orwell ba.

In kun duba da kyau, kalmomin da suka fi yaudara cikin Turanci ƙanana ne. Ga "soon", ga "some", ga "thing", ga "it", ga "they", ga uwa-uba "etc." wadda ɗalibi kan liƙa a ƙarshen amsa sa'ad da iliminsa ya ƙare, don malami ya zaci da saura. Wanda ya ce zai biya ka "soon" bai yi maka alkawarin kome ba. Ku duba wannan jimla: "Musa told Audu that he had failed." Wa ya faɗi, Musa ko Audu? Duk kalmominta gajeru ne, amma harshen damo gare ta. Ga kuma "you". Mu a Hausa muna da ka, da ki, da ku, Bature kuwa kalma guda ya ke da ita ga duka, saboda haka in kun rubuta wa mutum ɗaya kuna nufin shi da jama'arsa, sai kun faɗa. A ɗaya gefen kuma, sau da yawa doguwar kalma ita ce daidai. "Fever" ta fi "malaria" sauƙi, amma zazzaɓi iri-iri ne, likita kuwa wanda sauro ke kawowa ya ke so ya sani ko shi ne. Kada ku kori kalma don asalinta na Latin ne ko na Girka. Su kansu "plain" da "clear" da "exact", waɗanda a ke wa'azi da su, daga Latin suka fito. Mu ma littafi da alƙalami da lokaci daga Larabci muka aro su, wa zai ce a kore su daga Hausa?

Sai batun ɓoye mai aiki, abin da masu nahawun Larabci ke kira majahuli. Wannan kun san shi tun a gida. Yaro ya fasa tulu, uwa ta tambaya, ya ce, "An fasa tulu." Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Haka Bature ke cewa "the money was lost", bai ce wa ya ɓatar ba. Orwell ya yi daidai da ya ja kunne a kan wannan. Amma ya mai da shi kamar haram, alhali shi kansa bai iya kiyayewa ba: masana nahawu sun ƙidaya, sun tarar kamar ɗaya bisa biyar na fi'ilan maƙalar tasa majahuli ne, fiye da abin da a kan samu a jaridu. Ba mu ga laifinsa ba a kan yin amfani da shi, a kan hanawar ne mu ke ganin laifinsa. In an ce "an naɗa sarki", kowa ya san sarki ne abin labari, ba mai naɗa rawani ba. Abin tambaya kawai shi ne, mai karatu yana bukatar sanin wanda ya yi? In yana bukata, ku faɗa.

Kalmar da ta fi duka ƙanƙanta a ido, ta kuma fi wahalar da Bahaushe, ita ce "the". Ɗalibai da yawa suna yayyafa ta kamar gishiri, inda ta faɗa nan ne wurinta. To, ku ji abin da rashinta ya jawo. Bayan yaƙin kwana shida na 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 242, ran 22 ga Nuwamba. Wanda ya gabatar da shi wakilin Ingila ne, Lord Caradon, wanda a da, yana Hugh Foot, ya yi Babban Sakataren Gwamnatin Nijeriya daga 1947. Ƙudurin na Turanci ya ce sojan Isra'ila su janye daga "territories" da aka mamaye, ba a sa "the" gabanta ba. Sai wani ɓangare ya ce ai waɗansu yankuna a ke nufi, ɗaya ɓangaren ya ce duka a ke nufi, ya kafa hujja da na Faransanci. Shekara fiye da hamsin ke nan ana wannan gardama. A nan dole mu mayar wa Orwell haƙƙinsa, domin masu tsara irin wannan takarda gwanayen Turanci ne, ba mantuwa suka yi ba. Akwai hazon da jahilci ke kawowa, akwai wanda a ke turarawa da gangan don kowa ya sa hannu. Gowers zai hana ku yin na fari. Orwell ne zai koya muku gane na biyu in an turara muku.

Masu tuƙin jirgin sama sun koyi wannan darasi da tsada. Ran 27 ga Maris na 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka halaka. Cikin dalilan har da maganar da aka yi ta rediyo, wadda matuƙi ya fahimta a kan an ba shi izinin tashi, mai hasumiya kuwa ya ɗauka yana tsaye yana jira. Tun daga nan aka tsananta doka: kalmar "take-off" ba a furta ta sai sa'ad da a ke ba da izinin tashi ko a ke soke shi, a sauran magana sai a ce "departure". Kun ga nan doguwar kalma aka kira ta yi gadin gajeriya.

Littafin Gowers shi ma ba ya rasa aibi gare ku. An rubuta shi don waɗanda Turanci ne harshen iyayensu, misalansa na ofisoshin Ingila ne na bayan yaƙi, zamanin da a ke rabon abinci da kati, waɗansu sai an yi muku bayani. Ba zai koya muku inda a ke sa "the" ba, ya ɗauka kun sani. Yana kuma da 'yan ƙiyayye-ƙiyayye ga waɗansu kalmomi waɗanda yanzu kowa ke amfani da su ba wanda ya damu. Ku karanta Orwell a zama ɗaya, ya ishe ku, zai bar muku fushi mai amfani. Gowers kuwa ba a karanta shi a zama ɗaya, kusa da ƙamus a ke ajiye shi ana leƙawa.

Wani abu guda game da ƙa'idar Orwell ta fari, ta guje wa kwatancen da aka saba. Kada ku ɗauke ta ku kai wa Hausa. A wurinmu karin magana ado ne, dattijo kan rufe shari'a da shi, tsufansa shi ne ƙarfinsa. Amma in kun haddace karin maganar Turawa daga littafi kuna cusawa cikin insha'i don a ce kun iya, ku tuna zanen aro ba ya rufe katara.

Ga aikin da za ku gwada kafin mako mai zuwa. Wani ɗalibi ya rubuta wa shugaban makarantarsu haka: "I was absent for some time due to certain things, and the fees will be paid soon." Babu kuskuren nahawu a ciki, babu kuma kalma mai wuya. Ku zauna a kujerar shugaban, ku ƙidaya tambayoyin da zai yi kafin ya san abin da zai rubuta cikin rajista. Mu mun sami huɗu: kwana nawa, saboda me, wa zai biya, ran nawa ga wata. Ku sake rubuta wasiƙar yadda ba zai yi ko ɗaya ba, sa'an nan ku ba abokin zamanku wanda bai san labarin ba ya karanta, ku yi shiru, ku ji ko zai ɗaga kai ya ce, "Wanne?"